Munduwar da Ta Lanƙwasa Koren Layi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ta tsakiyar damina ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, mutanen Birnin Gwari ba za su ba ni dama ba. Tun da labarin ya faɗa bakin masu shayi da direbobin tasha, kowa yana ƙara masa nasa gishiri, na ga ya fi dacewa in rubuta shi da hannuna yadda ya faru, ba ragi ba ƙari. In dai za a yi mini dariya, to a yi ta bisa gaskiya.

Ni tsohon malamin kimiyya ne. Mahaifina ma'aikacin hanya ne, aiki ya kai shi ƙasar Zariya, a can ya sa ni makarantar mishan, irin wadda ake duba farcen yaro kafin a duba littafinsa. Baturen da ya koya mana aikin lantarki yana da doka guda wadda ba ya sassautawa: kafin ka buɗe kowace na'ura, ka naɗe hannun riga, ka cire duk wani ƙarfe da ke jikinka, agogo ne ko zobe, ka jera su a gefen tebur. Na sha bulala a kan wannan doka har ta shige mini jini. Ina roƙon mai karatu ya riƙe ta a ransa, domin ita ce ta kashe ni.

Abin ya samo asali ne daga ɗakin gwaje-gwaje na makarantar sakandaren da na koyar har na yi ritaya. Tun da mutanen ƙauyukan wajen Dogon Dawa suka kwararo cikin gari saboda rashin zaman lafiya, ɗalibai suka yi wa makarantar yawa, aka mai da sito ya zama aji. Sai shugaban makarantar, Malam Sabi'u, ya yanke shawarar kwashe karyayyun kujerun da ke sitonsa ya jibge su a ɗakin gwaje-gwaje. (Wannan Sabi'u ɗalibina ne, kuma har yau ban gamsu da rubutun hannunsa ba.) Na same shi a ofis, na gaya masa abin da ke raina ba tare da na zauna ba.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, me ya rage a ɗakin? Fasassun kwalabe ne da ƙwarangwal ɗin roba mara kai. Amma tunda ka yi magana, ga sharaɗi. In ka nuna wa kwamitin iyaye na'ura ko da guda ɗaya mai aiki, wadda yara za su koyi wani abu da ita, wallahi na bar ɗakin.”

Na ce masa na ji, kuma ya daina rantsuwa a kan abin da bai kai a yi rantsuwa ba.

Haka na bi ayarin motocin da ake yi wa rakiya zuwa Kaduna, na shiga Panteka wurin 'yan gwangwan. A ƙarƙashin tarin matattun rediyoyi da dutsen guga na hango shi: osiloskof, irin na dā, mai nauyi kamar buhun gishiri. Ga wanda bai sani ba, akwati ne mai ɗan gilashi a gaba da maɓallai kewaye da shi. Aikinsa shi ne ya zana motsin lantarki da wani koren layi, abin da ido ba ya gani ya fito fili, ka ga yana hawa yana sauka. Mai kayan ya ce mini ƙaramar talabijin ce wadda tun da ya same ta ba ta taɓa nuna mutum ba. Ban tsaya gyara masa ba. Na rungume abina a cinya tun daga Kaduna har gida, a kowane shinge sai na yi wa sojoji bayanin cewa ba abin fashewa ba ne.

Da na buɗe shi a gida na ga abin takaici. Zanzaro ya gina gidaje a kan taransfoma, kyankyasai sun hayayyafa, ɓera ya ci wayoyi ya bar shaidarsa a ko'ina. Kondensa, 'yan gwangwanayen da ke tara lantarki, duk sun kumbura, wasu sun yi amai sun bushe. Wani mai gyara mara tsoron Allah ya taɓa shiga ciki kafin ni, ya murɗe wayoyi da hannu ya naɗe su da leda, ya cusa takardar sigari mai ƙyalli a gurbin fis, ɗan abin da ke yanke wuta in ta yi yawa. Na daɗe ina kallon wannan ta'asa. A zamaninmu wanda ya yi haka sai ya share filin makaranta har ƙarshen zango.

Na shafe watanni a kansa. Na kwance kowane maɓalli na wanke da tsohon buroshin haƙori. Na kankare tsatsa, na sauya wayoyin da ɓera ya ci, kowace da launinta, na liƙe su da dalma ɗigo-ɗigo, duk wanda bai yi sheƙi ba na narke na sake. Kondensa kuwa sai da na yi ta aike Kaduna ta hannun direbobi, suna kawo mini abin da ban ce ba, ina mayarwa. Maɓalli ɗaya ya ɓata tun a Panteka, na sassaƙa madadinsa da itacen maɗaci, na goge shi har sai mutum ya sa ido sosai zai bambance. Matata, Hajiya, ta rasa farantinta na tangaran, domin a cikinsa nake jera sukurori. Ta ce, “Malam, da ni kake lallaɓawa haka, da na koma budurwa.” Na ci gaba da jera sukurorina.

Ranar da na tayar da ɗan janaretona na kunna na'urar, wani koren ɗigo ya bayyana a tsakiyar gilashin, ya miƙe ya zama layi, santal kamar an ja shi da rula. Ba na cikin masu kuka. Amma na cire tabarau na goge.

Yanzu dole in kawo maganar da na fi so in tsallake. Ina fama da sanyin ƙashi a wuyan hannuna na hagu, da damina ya fi tsanani. Akwai kuma wani Alhaji Tanko, mai sayar da magunguna a kasuwa da lasifika, wanda ya kawo wasu mundaye masu maganaɗisu, yana shelar cewa suna tsotse sanyi daga ƙashi, suna saukar da hawan jini, har da gyara barci. Na tsaya a majalisar ƙofar masallaci, a gabansa, na bayyana wa jama'a cewa wannan yaudara ce tsagwaronta, kuma duk mai ilimin da ya ɗaura abin nan a hannunsa ya ci amanar malamansa. Da waɗannan kalmomi na faɗa. Akwai shaidu da yawa, kuma duk suna raye.

Bayan 'yan kwanaki na tarar da munduwa guda a gefen kwanon tuwona. Na yi wa Hajiya lacca mai tsawo a kan yadda jini yake da yadda maganaɗisu yake. Ta saurara har na gama, ta ce, “To Malam, ka jefar mana.” Ta kwashe kwanuka ta fita.

Ban jefar ba. Na ɗaura ta can sama a ƙarƙashin hannun riga, da niyyar gwaji irin na kimiyya, domin in tabbatar da ƙaryar Tanko a jikina. (Gwajin ya ɗan yi tsawo, na yarda.) To amma duk lokacin da zan zauna a teburin aiki, dokar Baturen nan takan sa in cire agogo da ita in ajiye a kan taga. Saboda haka har na gama gyaran nan, munduwa da na'ura ba su taɓa haɗuwa ba.

Ranar taron kwamitin iyaye aka wayi gari da yayyafi, hannun ya tashi da ciwo. Na sa farar riga mai dogon hannu, na ɗora kwat ɗina ta ranar bikin ritaya. Malam Habibu, matashin da ke koyar da kimiyya yanzu, yaro mai ladabi ƙwarai, shi ya zo ya ɗauki na'urar ya kai ta makaranta, ina biye da shi ina gargaɗinsa a kan kowane rami. A ɗakin gwaje-gwaje an jera benci. Ga Malam Sabi'u, ga shugaban kwamiti, ga Arɗo Buba wanda 'ya'yansa ke karatu a nan, ya jingine sandarsa a bango, ga iyaye maza da mata. A layin gaba kuma, da babbar riga da carbi, ga Alhaji Tanko, wanda ashe ɗan kwamiti ne. Na gaishe shi gaisuwar da ta wajaba, ban ƙara ko harafi ba.

Na yi jawabin buɗewa, wanda daga baya aka ce ya yi tsawo. Sannan na umurci Malam Habibu ya kunna. Koren layi ya fito, miƙaƙƙe, kyakkyawa. Ɗakin ya ɗauki “Masha Allah.” Arɗo ya matso da bencinsa. Na ji a raina cewa ɗakin nan ya tsira.

Na ce, “Yanzu zan ƙara masa haske domin na baya su gani.” Na miƙa hannun hagu zuwa maɓallin da ke gefen gilashin.

Layin ya karkace. Gefe ɗaya ya yi sama, tsakiyarsa ta lanƙwashe kamar tsutsar da aka taka. Na murɗa wani maɓallin, ya ƙara lauyewa.

Na juya na fuskanci ƙofa, na nuna waje da hannu. “Janareton nan ne! Wa ya ce a zuba masa man bakin titi? Wuta tana rawa, yaya layi zai tsaya?” Aka ruga aka duba janareto. Abin da ban sani ba, domin na ba gilashin baya, shi ne da zarar na ɗauke hannuna layin yakan miƙe sarai. Jama'a suna gani, ni ba na gani. Na juyo na kai hannu, ya sake karkacewa.

Malam Sabi'u ya ce, “Ranka ya daɗe, kamar in ka...”

Na ce, “Sabi'u, ban ba ka izinin magana ba.” Ya bi umurni, kamar yadda ya saba tun yana aji ɗaya.

Nan ilimina ya zo ya taimaka wajen tona mini rami. Na ɗaga murya na ce, “Jama'a, ku saurara. Abu ɗaya ne ke lanƙwasa layin nan haka, shi ne maganaɗisu. Akwai maganaɗisu a ɗakin nan!” Na sa aka fitar da lasifikar da aka kawo domin jawabi, aka kai ta har gindin bishiyar mangwaro. Na kai hannu, layi ya lauye. Na sa aka tattara wayoyin kowa a cikin kwali, har da ta shugaban kwamiti, wanda ya miƙa tasa yana cewa, “Malam, ni fa ko a filin jirgi ba a yi mini haka ba.” Wata uwa ta ce ko ɗan kunnenta ne, ta fara cirewa. Arɗo ya tambaya da gaske ko sandarsa ce, tunda akwai ƙarfe a gindinta, ya miƙa ta waje ta taga. Na kai hannu. Layi ya lauye.

Daga nan na aikata abin da ya fi komai muni a ranar. Na juya kan Malam Habibu.

Na ce, “Kai ne. Ka buga shi a hanya. Na ga yadda ka tsallake kwatar bakin ƙofa kamar mai ɗauke da buhun masara. Wata da watanni ina aiki, ka rushe shi da tafiya ɗaya. Wannan shi ne halin 'yan zamani, ba kula, ba natsuwa!”

Yaron ya sunkuyar da kai a gaban iyayen ɗalibansa, ya ce, “Ka yi haƙuri, Baba.” Bai yi komai ba, amma ya ba ni haƙuri. Na ga shugaban kwamiti ya karkata yana yi wa Sabi'u raɗa, na ji kalmar “kujeru” a ciki. Ɗakin yana zamewa daga hannuna.

Na ce, “Ba inda za a je. Zan buɗe shi a nan, a gabanku, in nuna muku ɓarnar da aka yi. A kashe wuta.” Aka kashe. Na tuɓe kwat na rataye. Kuma tunda malami ba ya barin damar koyarwa ta wuce shi, na fuskanci jama'a na ce, “Ku lura da yadda ake aiki a inda aka san aiki. Kafin ka taɓa cikin na'ura, ka naɗe hannun riga.” Na naɗe. “Ka cire duk wani ƙarfe da ke jikinka.” Na cire agogo na ajiye. “Duka, ba ka barin ko ɗaya.” Hannuna na dama, wanda ya yi shekara da shekaru yana wannan aiki ba tare da ya nemi shawarata ba, ya zare munduwar ya ajiye ta a gefen agogo.

Ƙaf!

Sukuddireban da ke kan tebur ya mirgino ya manne mata. Sukurori biyu suka biyo bayansa.

Na tsaya da hannun riga a naɗe, ina kallon abin, abin yana kallona.

Alhaji Tanko ya miƙe a hankali, ya matso, ya sunkuya ya duba, ya ɗago da fuska cike da annuri. Ya ce, “La ilaha illallahu! Wannan ai kayana ne. Mai ƙarfin ce ma, ta musamman. Ashe Hajiya ba wa kanta ta saya ba! Shi ya sa ta ce in ba ta babba, wai hannunta ya yi ƙiba.” Ya juyo gare ni da tausayi, wanda ya fi zagi ciwo. “Malam, yaya sanyin? An samu sauƙi dai ko?”

Ɗakin ya fashe. Shugaban kwamiti ya kifa kai a kan gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Matan suka rufe baki da mayafi, abin ya ƙi rufuwa. Sabi'u, ɗalibina, wanda na koya wa riƙe alƙalami, ya fita waje da gudu wai zai duba janareto, muna jiyo shi daga nan. Malam Habibu kaɗai bai yi dariya ba, ya kafa ido a silin yana cizon leɓe, kuma na san abin da hakan ya ci masa.

Na buɗe baki in yi bayanin cewa gwaji ne na kimiyya. Na rufe. Ko ni ban yarda da kaina ba.

Arɗo Buba ne ya katse hayaniyar. Shi bai ga abin dariya ba, abin mamaki ya gani. Ya ce, “Malam, tsaya. Wai wannan ɗan ƙarfen ne ke tanƙwara hasken, bai taɓa shi ba, ta bayan gilashi? A sake kunnawa in gani da idona.”

Aka kunna. Layi ya fito santal, ba abin da ya same shi, ba abin da ya taɓa samunsa. Na ɗauki munduwar da yatsu biyu kamar mataccen ɓera, na kusantar da ita. Layi ya rusuna. Na janye, ya miƙe. Arɗo ya karɓa ya gwada da kansa, ya kai ta dama, ya kai ta hagu, yana cewa, “Kai! Kai! Yana bin ta kamar ɗan maraƙi.” Iyaye suka yi layi, kowa sai ya gwada. Malam Habibu ya shiga yi musu bayanin dalili, kuma, in faɗi gaskiya, bayaninsa ba laifi. Duk abubuwan da na kwana biyu ina shiryawa zan nuna, yadda muryar mutum ke zama igiyar ruwa a gilashi da sauransu, ba wanda ya tambaya.

Kafin a tashi shugaban kwamiti ya share hawaye ya ce ɗakin da ake ganin irin wannan abu ba za a zuba masa karyayyun kujeru ba, a nemi wata rumfa a kai su. Kowa ya amince. Na tsaya a gaban mutanen nan na ce wa Malam Habibu na zalunce shi, ya yafe mini. A gabansu na ci masa fuska, don haka a gabansu ya kamata in biya. Ya ce, “Ba komai, Baba.” Na ce da komai, kada ya koyi faɗin abin da ba haka ba.

Ɗakin yana nan, na'urar tana aiki, yara suna koyo. Ya kamata in yi farin ciki, kuma ina yi daidai gwargwado. Amma a duba mini wannan rashin adalci. Wata da watanni na gyara, da dalma, da itacen maɗacin da na sassaƙa, ba wanda ke ambatonsu. Abin da ya ceci ɗakin kimiyya a garin nan shi ne kayan Tanko. Shi kuwa yanzu ranar kasuwa yana shela da lasifika: “Ga mai ƙarfin nan, wadda ta lanƙwasa injin Malam!” An ce har ta yanke masa, ya sake sarowa. Hajiya da na tuhume ta da batun ƙibar hannu, cewa ta yi, “To da sunanka zan faɗa masa?”

Abin da na koya, a waɗannan shekaru nawa, ga shi: in ka tabbata akwai mai laifi a ɗaki, kafin ka sa a tattara wayoyin mutane ka fitar da sandar Arɗo ta taga, ka fara naɗe hannun rigarka a gida, kai kaɗai, ƙofa a rufe.

Munduwar kuwa, na bar wa makaranta ita a matsayin kayan koyarwa, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa ba ta maganin komai. Wadda ke idon sawuna yanzu Hajiya ce ta sake sayowa. Na bar ta ne kawai domin a zauna lafiya a gida, kuma na auna da kaina, daga can ƙasa ba ta kaiwa ga gilashin.